Gudummawar waɗanda ruwa da iska suka yi wa ɓarna a Accra: yadda za ka tara, ka raba, ka kuma jure bakin mutane

Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ko Maamobi ko Alajo cikin watan Yuni ya san kukan da kwanon rufi ke yi idan iska ta shiga ƙarƙashinsa. Da farko kamar ana kaɗa faranti, sai ƙusoshi su fara ƙara ɗaya bayan ɗaya, sai kawai ka ga walƙiya a cikin ɗakinka, ruwa na zuba a kan gado. Kafin asuba kwata ta cika ta tumbatsa. Gari na wayewa za ka ga katifu jingine da bango suna ɗiga, an shanya littattafan yara a kan benci, ga wata tsohuwa zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafar da ta jiƙa ta kumbura, wai ko za a sami abin dafawa.

Mutanen Accra ba baƙin wannan ba ne. Daminarmu biyu ce, babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ruwan da ya gangaro daga tudu yawancinsa hanyarsa ɗaya: ya bi kwatoci ya faɗa kogin Odaw, ya wuce tafkin Korle, ya shiga teku. Idan shara da yashi suka tare shi, sai ya nemi ɗakunan mutane. Ba mu manta daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, wato Circle, inda mutane suka fake wa ruwa, aka rasa rayuka sama da 150.

Irin wannan safiya, kafin ƙarfe tara, wani ya riga ya rubuta a zauren WhatsApp na unguwa: a turo lamba, za mu taimaka. Zuciyar mutanen zango tana da saurin motsi, kuma wannan alheri ne. Sai dai kuɗin da aka tara da gaggawa shi ne ya fi jawo magana daga baya. Na koyi haka da wahala. Karon farko da na tara wa layinmu gudummawa, lambar wayata na bayar, wadda nake karɓar kuɗin sana'ata da ita. Ban ci ko pesewa ba, Allah ne shaida. Amma ranar da wani ya tambaye ni a bainar jama'a nawa ne ya shigo ranar Talata, sai na kasa raba kuɗin mutane da nawa, na tsaya ina lalube a waya. Mako biyu ban iya zama a majalisar da muke shan ataya ba. Tun daga nan na gane cewa amsar masu suka tun ranar farko ake tanadinta, a cikin littafi, kafin sidi ɗaya ya shigo. Sauran abin da zan faɗa duk rassan wannan ne.

Mataki na farko: je ka gani, ka rubuta

Kada ka nemi kuɗi kafin ka san abin da ya lalace. Idan akwai wanda ya maƙale ko ya ji rauni, 112 ake kira, kuma duk inda wayar lantarki ta faɗi cikin ruwa, a hana yara kusantar wurin sai ma'aikatan wuta sun zo. Bayan an tabbatar rai ya tsira, sai a ɗauki littafi mai kauri da biro, ku fita aƙalla ku uku, kuma dole a sami mace a cikinku, domin akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba, akwai kuma asarar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba.

Ɗaki-ɗaki ake ƙirgawa. Gidajenmu na haya ne, gida ɗaya zai iya ɗaukar iyali goma ko fiye, kuma idan ka rubuta gida ɗaya, mai gidan kaɗai ka ƙirga. A kowane ɗaki ka rubuta sunan mai ɗakin, mutum nawa ke kwana ciki, yara ƙanana nawa, ko akwai mai ciki ko tsoho ko mara lafiya, me ya lalace, haya suke ko nasu ne, sannan ina suka kwana jiya. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ke nuna maka wanda za a fara da shi.

Sai ka yi haƙuri da kunya. Za ka durƙusa ka ce, "Mma, sannu da wannan jarrabawa. Me ruwa ya ci muku?" Za ta ce, "Ɗana, alhamdu lillahi, tunda rai ya tsira." Idan ka rufe littafinka a nan, ka cuce ta. Sai surukarta ta raka ku bakin ƙofa sannan za ta faɗa wa macen da ke tare da ku, a hankali, cewa buhun geron da Mma ke yin kokon sayarwa da shi ya tafi, tukunya ta bi ruwa, gawayi ya jiƙe, kuma da wannan kokon ake ciyar da jikoki huɗu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowa ke iya nunawa ba. Magajiyar unguwa da ladan sun san irin waɗannan gidajen, ku tambaye su. Ku tuna da 'yan mata masu dako, kayaye, da ke kwana a barandar shaguna, waɗanda ba su da mai gida balle a rubuta su. Ku tuna da maƙwabtan da ba Musulmi ba, ko ba su jin Hausa. Ruwan da ya shiga ɗakinka bai tsallake nasu ba.

Kwafin wannan jerin ku kai wa ɗan majalisar unguwa da ofishin NADMO na yankinku. Hukumar, wadda aka kafa a 1996, ita ce dokar ƙasa ta ɗora wa aikin agajin bala'i, kuma tana yin nata rajistar. Abin da za ku tara ƙari ne a kan haƙƙin mutane a wurin gwamnati, don haka ku tabbatar sunayensu sun shiga can ma.

Mataki na biyu: kada ka tsaya kai kaɗai

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma baki ɗaya ba ya wanke kansa. Kafin sanarwa, ku je gaban sarkin zango da limamin unguwa ku faɗi niyyarku. Sannan a kafa kwamiti na mutum biyar ko bakwai: dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, mace aƙalla ɗaya (biyu sun fi), matashi mai iya waya, da wanda ya saba da lissafi, ko da mai shago ne. Ayyuka uku ne bai kamata su haɗu a hannun mutum ɗaya ba, ko 'yan gida ɗaya: riƙe wayar kuɗi, riƙe littafi, da zuwa kasuwa.

Ku zauna ku rubuta shafi ɗaya, kowa ya sa hannu. Don wa ake tarawa, daga yaushe zuwa yaushe, me za a saya, kuɗin mota da na cire kuɗi daga ina za su fito, kuma idan an sami saura ina za a kai shi. Idan za a ba masu ɗawainiya kuɗin abinci ko na mai, a faɗa tun yanzu, a rubuta adadin. Babu laifi a hakan. Laifin yana zuwa ne idan mutane suka gano shi da kansu daga baya. Malamanmu sukan kawo hadisin ma'aikacin zakka da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni, Manzon Allah (SAW) ya tsawatar, yana tambayar me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Duk abin da aka miƙa maka saboda wannan aiki, na aikin ne.

Siyasa kuma a bar ta a waje. Ɗan NDC ko ɗan NPP, duk wanda ya kawo a karɓa a yi godiya a rubuta, amma ba a raba kaya da rigar jam'iyya a jiki.

Mataki na uku: inda kuɗin zai sauka

A nan ne aka fi faɗuwa. A sami sabon layin waya mai asusun kuɗi, ko na MTN MoMo, ko Telecel Cash, ko AT Money, wanda bai taɓa karɓar wani kuɗi ba kuma ba zai karɓi wani ba sai na wannan aiki. Tun 2018 ana iya tura kuɗi tsakanin kamfanonin, don haka lamba ɗaya ta wadatar, kuma lamba ɗaya ta fi sauƙin tsarewa. Tunda da katin shaidar ɗan ƙasa, Ghana Card, ake rajistar layi, sunan mutum ne zai fito wa mai turawa kafin ya tabbatar. Ku faɗi wannan sunan a cikin sanarwa, harafi-harafi, ku ce duk wanda ya ga wani suna daban ya dakata. Idan masallacinku ko ƙungiyarku na da rajista da asusun banki mai sa hannun mutum biyu, shi ya fi, musamman ga manyan kuɗi. Asusun waya yana da iyakar abin da zai ɗauka a rana da abin da zai riƙe, gwargwadon matakin rajistarsa. Ku je ofishin kamfanin ku tambayi iyakar naku tun kafin kuɗi ya fara komawa wa masu turawa.

An soke harajin tura kuɗi ta waya a watan Afrilu na 2025, amma kuɗin da kamfani da ejan ke caja wajen cirewa yana nan. Kowane caji a rubuta shi a layinsa. Waɗannan ƙananan kuɗaɗen su ne ke taruwa su zama giɓin da ba ka iya bayani.

Lambar sirri mutum ɗaya ne zai san ta, amma saƙon shigar kuɗi mai littafi zai riƙa gani kowace yamma, ya kwafe: rana, lokaci, adadi, da lambobi uku na ƙarshen wayar mai turawa. Kuɗin hannu, irin wanda ake tarawa bayan Juma'a ko wurin 'yan kasuwa, mutum biyu za su ƙirga a gaban na uku, a rubuta a take, a zuba a asusu ranar. Kada ya kwana a aljihun kowa.

Ga wani abu da ba na wasa da shi. An sauya kuɗinmu a 2007, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya, amma har yau iyayenmu da tsohon lissafi suke magana. Hajiya za ta ce maka ta ba da miliyan biyu, tana nufin sidi 200. Idan ɗanta da ke waje ya ji haka ya duba jerinku ya ga 200, magana ta tashi. Duk wanda ya ba da kuɗi, a maimaita masa adadin da sabon lissafi a gabansa, a ba shi rasit.

'Yan uwanmu na Amurka da Jamus da Italiya da Saudiyya sukan fi kowa bayarwa, kuma sun fi kowa buƙatar bayani, domin ba sa gani da ido. Wasu shafukan tara kuɗi na ƙasashen waje, irin su GoFundMe, ba sa biya kai tsaye zuwa Ghana, sai ta hannun wani da ke can. Idan za a bi wannan hanya, a sanar da sunan wakilin, a nuna abin da ya shiga da kuɗin can, abin da shafin ya cire, farashin canji na ranar, da abin da ya iso da sidi.

'Yan damfara kuwa suna bin bala'i kamar ƙuda da miki. Za a turo saƙon ƙarya mai kama da na kamfani, sai a kira a ce an yi kuskure a mayar. Kada a mayar da komai sai an duba ainihin abin da ke asusu. Kada a amince da wata buƙatar cire kuɗi da ta faɗo a waya ba ku kuka nema ba.

Mataki na huɗu: sanarwa da hoto

Sanarwa ta zama gajeriya: abin da ya faru, ɗaki nawa ya shafa bisa ƙirgarku, abin da ake buƙata, lamba da sunan da zai fito, ranar rufewa, sunayen 'yan kwamiti. A yi ta a rubuce, a kuma yi ta da saƙon murya da Hausa, domin masu bayarwa da yawa da kunne suke karatu. Kada a ƙara gishiri. Idan ɗaki 40 ne, kada a ce ɗaruruwa.

Hoton rufin da ya yaye, da alamar ruwa a bango, sun isa shaida. Fuskar mutum ba a ɗauka sai da izininsa, bayan an gaya masa a fili cewa zai shiga Facebook da TikTok, kuma ba ya fita. Yara kuwa ni ra'ayina a bar su gaba ɗaya. Na taɓa sa hoton wata dattijuwa tana karɓar katifa, da niyyar masu bayarwa su ga inda kuɗinsu ya je. Washegari ɗanta ya tare ni a hanyar masallaci, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yaya, mahaifiyata ta aurar da 'ya'ya shida a unguwar nan ba ta taɓa roƙon kowa ba. Yau dangin mijin ƙanwata a Kumasi sun gan ta a waya." Na goge hoton, amma ya riga ya yi tafiyarsa. Alƙur'ani ya hana a ɓata sadaka da gori da cutarwa, a Suratul Baƙara aya ta 264, kuma kyamara tana iya zama gori ko da bakinka bai furta komai ba.

Mataki na biyar: saye da rabo

Kwana ukun farko na ciki ne da wurin kwana: dafaffen abinci, ruwan leda, tabarma ko katifa, gidan sauro, sabulu, audugar mata, da leda mai kauri ta rufe ɗaki. Ruwan ambaliya ya ɗebo ƙazantar kwata da ta bayan gida, kuma wanda ya ga kwalarar 2014 a garin nan ya san abin da ke biyo baya. Duk mai gudawa da amai a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a garzaya da shi asibiti. Kwamiti ba ya raba ƙwayoyin magani. Abin da ya fi amfani shi ne a sabunta wa mutane inshorar lafiya, wadda ake yi ta waya da *929#, a kuma taimaka wa waɗanda takardunsu suka jiƙe su nemi wasu. Tufafin da za a karɓa ya zama wanda mai bayarwa zai iya sa wa ɗansa.

Bayan nan sai rufi, kuma shi ke cinye kuɗi. A nemi farashin kwano da katako da ƙusa wurin masu sayarwa uku, a ajiye takardun duka ukun, har da na waɗanda ba a saya wurinsu ba. Kafinta ya duba katakon ƙasa kafin a ɗora sabon kwano, domin a kan ruɓaɓɓen katako iska ta gaba za ta sake ɗaukewa, kuma a ɗaure katakon da bango da ƙarfe. A biya shi kashi-kashi, na ƙarshe bayan an ga aiki.

Akwai tarkon da na ga ya kama mutane. An gyara wa ɗan haya ɗaki da kuɗin jama'a, wata biyu mai gida ya ƙara haya ko ya ce ɗansa zai yi aure, a tashi. Dokar haya ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma kowa ya san a Accra shekara ɗaya ko biyu ake nema, don haka wanda aka kora ya shiga uku. Kafin a buga ƙusa ɗaya, a zauna da mai gida gaban liman, a rubuta cewa ɗan hayar zai ci gaba da zama na wani lokaci da aka ƙayyade ba tare da ƙari ba.

Ga masu ƙaramar sana'a, irin su Mma mai koko, ni na fi son a ba su kuɗi a hannu ko a waya. Ta fi mu sanin geron da take so da wurin da ake ba ta da sauƙi. Kuɗin zakka a ware shi a shafinsa daban, domin masu cin ta an ƙayyade su a Suratut Tauba aya ta 60. A tambayi mai bayarwa tun farko, zakka ce ko sadaka, a bar wa malami hukuncin inda za ta shiga.

Ranar rabo kada a tara mutane layi a ƙofar masallaci. A ba kowane ɗaki kati mai lamba da lokacin zuwansa, ya sa hannu ko ya dangwala. Tsofaffi da masu kunya a kai musu gida bayan magariba.

Mataki na shida: bayani tun ba a tambaya ba

Kowace yamma, layi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kowace Juma'a, cikakken bayani da hoton rasit, a zauren waya da kuma a bangon masallaci. Masu karɓa da lambar katinsu za a ambace su. Mai bayarwar da ya ce a ɓoye sunansa a rubuta "wani bawan Allah" da adadin da ranar, yadda zai gane nasa.

Mataki na bakwai: idan magana ta tashi

Za ta tashi. Ko ka yi duk abin da na lissafa, wata rana za ka buɗe waya ka ga an sa hotonka an rubuta cewa ga masu cin kuɗin marayu, ko wani ya lura da sabon takalminka. Jikinka zai yi sanyi, sannan ya ɗau zafi, yatsunka su fara rubutu. Ajiye wayar. Ba a mayar da martani da dare, ba a mayarwa da fushi, kuma ba kowane ɗan kwamiti ke mayarwa ba. Mutum ɗaya aka zaɓa, shi ma sai bayan sauran sun ga abin da zai rubuta. Kafin komai a ɗauki hoton rubutun da ranarsa a ajiye, domin masu irin wannan sukan goge.

Sannan a duba waye mai maganar, domin ba duka ɗaya ba ne. Akwai mai tambaya, ko da ya yi ta da kaushi. Wanda ya ba da sidi 20 yana da haƙƙin sanin inda ta shiga, kuma kaushinsa yana da asali: an sha tara kuɗi da sunan masallaci ko mara lafiya a ji shiru. Ba kai ka yi ba, amma kai ka gaji zargin. A ba shi amsa da lissafi, a gode masa. Ina yawan tuna hadisin daren da Manzon Allah (SAW) yake raka matarsa Safiyya daga masallaci, wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri, sai ya tsayar da su ya gaya musu ko wace ce, don kada Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu. Idan shi bai jira a zarge shi ba ya yi bayani, ni da kai ba mu da dalilin jin haushin wanda ya ce mu nuna rasit.

Akwai wanda aka tsallake. Shi zafinsa na gaske ne, kuma sau da yawa yana da gaskiya: ranar ƙirga ya tafi aiki, ko ɗakinsa na bayan gida ba a gani ba. Wannan ba a amsa masa a waya. A taka a je, a duba, idan kuskure ne a gyara, a faɗa a fili cewa an yi kuskure an gyara. Ban taɓa ganin amincewa da kuskure ta rage wa kwamiti daraja ba. Ɓoyewa ce ke kashe shi.

Akwai masu ra'ayi. Wani zai ce wannan riya ce, sadaka a ɓoye ake yi. Wani zai ce aikin gwamnati ne, kuna rufa mata asiri. Wani zai ce su wa suka ce su yi gini a bakin kwata su zuba shara ciki. Kowace maganar akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, kuma amsa ɗaya mai ladabi ta isa. Sadakar mutum ta kansa ɓoye ta ya fi, amma kuɗin jama'a amana ce, ita kuwa bayyana ta ake yi. Neman a yashe kwata da tallafa wa wanda ya kwana a tsaye ba sa karo da juna, ana iya yin duka. Wanda ke haya a bakin kwata kuwa, abin da aljihunsa ya kai ke nan. Ka faɗa sau ɗaya, kada ka koma.

Sai mai ƙeta, wanda ko littafin ka buɗe masa zai ce biyu ne. Alamarsa ita ce duk amsar da aka ba shi sai ya sauya tambaya. Shi ma a yi masa tayi ɗaya a bainar jama'a: littafi da rasit suna wurin liman ranar kaza bayan la'asar, ya zo da duk wanda ya yarda da shi. Daga nan shiru. Idan ya koma zagi, a goge a toshe shi, kuma ku roƙi masoyanku kada su rama muku, domin ashar ɗin da aka yi don kare ku a kanku za a rubuta shi.

A wannan gaɓar ne jarrabawa mafi girma take zuwa: za ka ji kamar ka watsa jerin sunayen duk waɗanda suka karɓa, da hotunansu, don ka wanke kanka. Kada ka yi. Mutuncinsu ba naka ba ne da za ka biya bashin sunanka da shi. A nuna jerin ga dattawa biyu, ɗaya ma mai zargin ya zaɓe shi, su duba su shaida.

Idan abin ya kai barazana ga rai, ko an buɗe shafin ƙarya da sunanku ana karɓar kuɗi, ya wuce haƙuri. A kai hotunan da aka ajiye wurin 'yan sanda, a kuma sanar da hukumar tsaron intanet ta ƙasa ta lambar 292, sannan a gargaɗi jama'a nan take. Ɓata suna kuwa, tun 2001 aka cire shi daga laifukan da ake ɗaure mutum a kansu a Ghana, sai dai ƙarar neman diyya, mai cin lokaci da kuɗi. A zango, inda mai zaginka wataƙila ɗan ƙawar mahaifiyarka ne, zama gaban sarki ko liman ya fi saurin kashe wuta, da sharaɗin inda aka yi ɓatancin a nan za a janye shi.

Ka kula da kanka da mutanenka. Ka gaya wa iyalinka abin da ake faɗa kafin su ji a waje. Matan kwamiti sukan sha zagin da ya fi na maza muni, har a taɓa aurensu, don haka kada a bar su su kaɗai da wayar, kuma mazan su fito su tsaya musu da sunansu. Idan ka ga barci ya ƙaurace maka, kana tashi da tsakar dare kana duba abin da aka rubuta, ka miƙa wa wani aikin amsa na kwana uku, ka je ka ga ɗakin da aka yi wa sabon rufi, ka zauna ka sha kokon Mma.

Rufewa

Ranar da aka sa ta rufewa, a rufe. A nemi cikakkiyar takardar shige da ficen kuɗi daga kamfanin waya ko banki, a ba wani mai lissafi da ba ya cikin kwamiti ya gwada ta da littafi. Saura ya tafi inda aka rubuta tun farko. Idan ana son sauya wurin, sai an sanar an ba masu bayarwa kwanaki su yi magana. A sanar cewa lambar ta daina karɓa, duk wanda ya ga ana yawo da ita ya san ba ku ba ne. Littafi da rasit da katunan da aka dangwala a ɗaure su a leda ɗaya a damƙa wa liman gaban shaidu. A shafin ƙarshe ku rubuta ɗakunan da kafinta ya ce katakonsu ba zai kai wata damina ba, da lambar wayarsa, domin a leƙa su cikin watan Maris.